Inda Baki Ya Gaza, Tsirkiya Ɗaya Ta Isa

Idan aka ce kiɗan fim a majalisarmu, abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne waƙa: saurayi da budurwa a cikin lambu, ana sauya kaya, ana jifan juna da baiti. Haka finafinan Indiya suka raine mu tun zamanin silimun Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba a Kano, haka kuma Kannywood ta gada. Amma akwai wani kiɗan da ba mu cika yi masa sharhi ba. Ba shi da baiti, ba shi da amshi, wani lokacin ko minti ɗaya bai cika ba. Muna nufin lokacin da komai ya lafa a cikin fim, sai abin kiɗa guda ɗaya tak ya ɗaga murya, kafin mai kallo ya ankara tsigar jikinsa ta tashi, labarin ya sauya fuska.

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan kam yana ɗauka, kuma sau da yawa ya fi hannu hamsin iyawa. Mun zaɓo wurare uku da muke ganin an yi wannan aiki yadda ya kamata, da wasu da aka yi shi da ha'inci ko da ganganci, domin mu kai ga tambayar da ta fi damun mu: me ya hana finafinanmu na Hausa, waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan dabara, amfani da ita?

Numfashin yaro

A 1968 Sergio Leone, ɗan ƙasar Italiya, ya fitar da fim ɗin kaboyi mai suna Once Upon a Time in the West. Ennio Morricone ne ya yi kiɗan, kuma ya gama shi tun kafin a fara ɗauka, har ana kunna wa 'yan wasa a wurin aiki. Duk da haka fim ɗin ya buɗe babu kiɗa ko kaɗan. 'Yan bindiga uku suna jiran jirgin ƙasa a wata tasha da ke tsakiyar fako. Fiye da minti goma babu abin da muke ji sai kukan farfelar injin jan ruwa, da ɗigon ruwa a kan hular ɗayansu, da ƙuda da ya addabi fuskar wani. Jirgi ya zo ya wuce, ba su ga wanda suke jira ba. Sun juya za su tafi ke nan sai aka ji busa.

Abin busar hamonika ce, 'yar ƙaramar aba mai jerin ƙofofi da ake gogawa a leɓe, wadda ke shiga aljihun riga. A al'adar finafinan kaboyi, ita ce abokiyar hirar matafiyi a gefen wuta da daddare. Amma wadda Charles Bronson ya riƙe a tsallaken layin dogo ba ta da daɗin ji. Sauti ne mai karce kunne, 'yan muryoyi kaɗan da ke ja suna komawa kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Franco De Gemini ne ya busa ta a ɗakin ɗaukar sauti. Tun daga nan, duk inda wannan sauti ya ɓullo, mun san mutuwa ta iso, ko da ba mu ga mai busar ba.

Sai a ƙarshen fim ake nuna mana asalin abin. Lokacin da mutumin yana yaro, Frank, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya rataye yayansa a wata ƙofar gini, ya ɗora ƙafafun yayan a kan kafaɗun yaron. Muddin yaron yana tsaye, yayansa yana raye. Sannan don mugunta ya cusa masa hamonika a baki. A nan ne zaɓin Morricone ya nuna kansa. Hamonika tana ba da sauti idan ka hura, tana kuma bayarwa idan ka ja iska. Wato wanda aka toshe wa baki da ita ba zai iya numfashi ba tare da ya yi kiɗa ba. Ashe abin da muka shafe fiye da awa biyu muna ji, muna ɗauka taken jarumi ne, hakin yaro ne da ƙafafunsa suka kusa gazawa. Da kakaki ko jita aka sa, da wannan ma'ana ba ta samu ba. Abin kiɗan da labarin sun zama abu ɗaya, ba a iya cire ɗaya a bar ɗaya.

Fitilun Radha

Shekara bakwai bayan haka, ranar 15 ga Agusta 1975, Sholay na Ramesh Sippy ya fito. Masu nazari sun daɗe da nuna abin da ya aro daga Leone, musamman wurin da Gabbar Singh ya karkashe iyalan Thakur. Ya aro hamonikar ma, amma ya ba ta aikin da ya saɓa wa na farko gaba ɗaya.

Sholay fim ne mai hayaniya: harbe-harbe, dawakai, barkwancin Dharmendra, wanda 'yan kallon Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, da surutun Basanti da ba ya ƙarewa. A tsakiyar wannan ƙura akwai wani ɗan wuri da R.D. Burman ya janye kusan komai. Magariba ta yi. Radha, surukar Thakur da aka kashe wa miji, sanye da fararen kayan zawarcin Hindu, tana bin barandar bene tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa, Jai yana zaune a bakin masaukinsu yana busa hamonika a hankali. Ba ta ce masa komai ba, bai ce mata komai ba. Ta shiga ɗaki ta rufe. An ruwaito cewa ɗaukar wannan ɗan wuri ta ci kusan kwana 20, saboda hasken da ake so na tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu ne, kuma 'yan mintuna yake yi.

Me busar ta yi a nan? Ta haye tazarar da ƙafa ba ta da izinin hayewa. Jai tsohon ɓarawo ne da aka ɗauko haya, Radha kuwa mace ce da al'adarsu ta rufe wa ƙofar sake aure. Ba zai hau benen ba, ba za ta sauko ba. Abin da kawai ke iya tashi daga ƙasa ya isa baranda ba tare da ya keta mutuncin kowa ba shi ne sauti. Shi ya sa soyayyar Veeru da Basanti, duk da waƙoƙi da rawar da aka ba ta, ba ta kai wannan nauyi a zuciyar mai kallo ba.

Mu da muka san takaba ta wata huɗu da kwana goma, muka kuma san cewa ba a fito wa mai takaba da maganar aure ƙarara, ba sai an yi mana fassarar wannan wuri ba. Mun san irin maganar da ake yi da shiru.

Kukan da ba a ji ba

Na uku shi ne wanda muke ganin ya fi duka, ko da yake ba shi cikin finafinan da suka yi tashe a silimunmu. Pather Panchali fim ne na harshen Bengali, wanda Satyajit Ray ya fitar a 1955, kuma Ravi Shankar ne ya yi masa kiɗa. Labarin wani matalaucin gida ne a ƙauye. Maigidan, Harihar, ya tafi neman kuɗi ya daɗe. A bayansa 'yarsu Durga ta sha dukan ruwan sama, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu.

Harihar ya dawo bai sani ba. Ya tarar iska ta yi wa gidan ɓarna, ya zauna yana kwance ƙunshin tsaraba, yana ta zuba da murna. Matarsa Sarbajaya tana tsaye, ta kasa cewa uffan. Ya ciro zanen da ya sayo wa Durga ya miƙa mata. Ta rungume zanen, ta sulale ƙasa, bakinta ya buɗe. A daidai nan Ray ya ɗauke muryarta. Abin da muke ji a madadin kururuwarta shi ne wani abin kiɗa mai suna tar shehnai, wanda ake gogawa da baka kamar goge, amma muryarsa siririya ce mai tsini kamar ta algaita. Dakshinaranjan Tagore ne ya goga shi, ya kai shi can ƙololuwar sama inda sautin yake kamar zai tsinke.

Dalilin da ya sa wannan ya fi kukan gaske tasiri a bayyane yake ga duk wanda ya yawaita kallon finafinai. Kukan 'yar wasa, komai ƙwarewarta, yana sa mu fara auna ta: ta iya ko ba ta iya ba, ta cika ko ta rage. Da zarar an ɗauke muryar, awon ya faɗi. Ba mu ƙara kallon Karuna Banerjee tana wasa ba, uwa muke gani. Sautin kuma ba shi da harshe, don haka kowa kukan gidansu yake ji a ciki.

A lura da wani abu: Durga 'yar fari ce. A wurinmu, uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kamawa saboda alkunya, ita ce kuma addini ya hore ta da barin kururuwa a kan mamaci. Hawaye halal ne, ihu da yage tufafi ba su halatta ba. To darektan Bahaushe da ke son nuna zafin da ke cikin irin wannan uwa, yaya zai yi? Idan ya sa ta birgima tana ihu, ya yi wa al'adar ƙarya. Idan ya bar ta ƙiƙam, mai kallo ya ɗauka ba ta damu ba. Ray ya nuna hanya ta uku tun shekara saba'in da suka wuce.

Inda ake ha'inci

Kada a ɗauka duk inda aka ji abin kiɗa ɗaya an yi abin kirki. Ƙarfinsa shi ne haɗarinsa, domin yana shiga zuciya kafin hankali ya tambaye shi daga ina yake.

A fim ɗin The Mission na 1986, wani limamin mishan ya haye saman magangarar ruwan Iguazu a Kudancin Amurka, ya zauna a kan dutse ya fara busa obo, wata 'yar'uwar algaita mai sanyin murya. Mutanen Guarani suka fito daga daji da kwari da baka. Ɗayansu ya karɓe ta ya karya, amma sauran suka tafi da baƙon garinsu. Morricone ne ya yi wannan kiɗan ma, kuma yana cikin mafi daɗin abin da ya taɓa rubutawa. Amma mu da kakanninmu suka ga zuwan Turawa muna da haƙƙin tsayawa mu duba abin da busar ke so mu yarda da shi: cewa mutanen daji na jiran baƙo ya zo musu da kyakkyawan sauti kafin zukatansu su buɗe. Daɗin kiɗan ya yi wa wannan ra'ayi ado har ba a ganin sa.

Akwai kuma ha'incin lalaci. A finafinan Amurka da yawa, da an nuno Afirka sai ganguna, da an nuno ƙasar Larabawa sai wata busa mai karkarwa da ke shaida wa mai kallo cewa ya shiga wurin haɗari. A nan abin kiɗan ya daina bayyana zuciyar mutum ɗaya, ya koma tambarin da ake buga wa al'umma guda. Mu ma ba mu tsira ba. Sarewa a finafinanmu takan zama alamar cewa ga Bafillace nan, a shirya dariya. A wannan zamani da ake yi wa kabila guda kuɗin goro saboda laifin 'yan bindiga, irin wannan amfani da sauti ba wasa ba ne.

Sai kuma ɓarnar yawa. Sarewar da Hariprasad Chaurasia ya busa a Hero na 1983 ta yi aiki domin ta saɓa wa mai riƙe da ita: Jackie Shroff ɗan daba ne da ya sace 'yar babban ɗan sanda, sai busar ta tona cewa akwai taushi a cikinsa. Amma gogen Turawa da Shah Rukh Khan yake yawo da shi a Mohabbatein na 2000 an ja shi har ya zama kayan ado kamar rigar sanyin da yake ratayawa a kafaɗa. Gishiri ne, kuma an zuba shi da ludayi.

Kaza a kan dami

Yanzu mu dawo gida. Tun daga Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya taso cikin wasu iyakoki: namiji ba ya taɓa mace, akwai maganar da ba a furtawa gaban suruki, akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Galibi ana kallon waɗannan a matsayin takunkumi. Amma duk wurare ukun da muka yaba a sama, daga takunkumi suka fito: yaron da aka toshe wa baki, bazawarar da ba ta da ikon saukowa, uwar da harshenta ya ɗaure. Masana'antar da aka hana ta taɓawa ita ce ta fi kowa buƙatar abin da zai taɓa a madadinta.

Kuma kayan aikin suna nan a gida. Morricone sai da ya yi kusan awa uku kafin ya koya wa mai kallo ma'anar hamonikarsa. Bahaushe kuwa da ma'anar kayan kiɗansa ya tashi. Kakaki na sarki ne. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu na mahauta da 'yan dambe ne, kuma da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa. Garaya ta maharba ce da 'yan bori. Gangar noma ta gayya ce. Shantu da ƙwarya na mata ne a cikin gida. Kuntigi kuwa, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, Ɗan Maraya Jos ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ya ishi mutum ya yi wa ƙasa guda magana.

A ce darekta yana son nuna sarkin da aka tuɓe. Ba sai an rubuta masa dogon jawabi ba. A zaunar da shi a soron gidan da aka kai shi, yana alwala, sai iska ta kawo busar kakaki daga nesa, ana yi wa wani. Hannunsa ya tsaya a kan buta. Shi ke nan. Ko tsohon ɗan dambe da ya koma tallan rake, ya ji an taɓa kalangu a bayan kasuwa, yatsun hannunsa suka dunƙule da kansu. Ko uwar da aka zo wa da rasuwar ɗan fari, tana zaune tana jan carbi, fuskarta ba ta motsa ba, kukuma ɗaya tana yi mata abin da ba za ta yi ba.

Me ya sa ba mu cika ganin haka ba? Amsar gajeriya ita ce fiyano. Tun ƙarshen shekarun 1990 na'urorin Yamaha suka mamaye ɗakunan kiɗan Kano, kuma karɓuwar da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu ta ƙara tabbatar da su. Ba za mu raina abin da fiyano ya yi ba. Ya sauƙaƙa kuɗi, mutum ɗaya ya yi aikin goma. Ya kuma buɗe ƙofa ga matasan da ba su gaji kiɗa ba, waɗanda iyayensu ba za su lamunci a kira su maroƙa ko 'yan goge ba. Wannan ƙyamar gaskiya ce, kuma darektan da zai sa goge ko garaya dole ya san cewa suna zuwa da tarihinsu, wani mai kallon gidan magajiya zai tuna, wani kuma bori. Sai dai wannan ba dalilin gudu ba ne. Mai hikima da wannan nauyin ma zai yi aiki.

Abin da fiyano ba ya iyawa shi ne ainihin abin da muke magana a kai. Sarewar da ke cikin na'ura kullum iri ɗaya take fita, ba a jin iskar mai busa, ba a jin inda numfashinsa ya kusa ƙarewa. Gogen gaske yana zamewa tsakanin murya da murya, yana bin hawa da saukar harshen Hausa. Mai kalangu yana matse igiyoyin a hammata ya sassauta, har gangar ta faɗi take a gane. Madannan fiyano kuwa matakala ce, daga wannan sai wancan, babu abin da ke tsakani. Kuma baƙin ciki a tsakanin yake zaune.

Matsala ta biyu ita ce tsoron shiru. A yawancin finafinai masu dogon zango da muke bi a YouTube, kiɗan bayan fage ba ya ɗaukewa daga farkon fitowa zuwa ƙarshenta. Ana gaisuwa yana tafiya, ana cin abinci yana tafiya, ana faɗa yana tafiya. Idan lokacin da ake buƙatarsa ya zo, kunne ya riga ya daina jin sa. Busar Bronson ta razana mu ne domin an yi mana azumin kiɗa na fiye da minti goma kafin ta. Abin kiɗa ɗaya ba ya sauya yanayi sai in ya tarar da wuri a share.

Akwai kuma hujjar da ta shafi yadda muke kallo a yau. Mafi yawanmu a waya muke kallon fim, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Muryoyi biyun nan da John Williams ya firgita duniya da su a Jaws na 1975, waɗanda manyan gogen Turawa masu kaurin murya suke ja, idan ka kunna su a ƙaramar waya rabin tsoron ya zube. Tarin kayan kiɗa kuma cakuɗewa suke yi su zama hayaniya. Amma sarewa, kukuma, algaita da kuntigi, muryarsu tana daidai inda lasifikar waya ta fi ƙarfi. Abin da ya fi arha, ya fi zama namu, shi ne kuma ya fi dacewa da na'urar da ke hannun mai kallo.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗannan sanannu ne, an ɗauki muryoyinsu. Masu busa da masu goge da ke ƙauyukan Katsina da Zamfara da Maraɗi da Damagaram, waɗanda ba a taɓa kai wa makirfo ba, suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'ar. Kuɗin da za a kashe a ɗauko ɗaya daga cikinsu ya yi yini guda a ɗakin ɗaukar sauti bai kai na hayar motar da jarumi ke fitowa daga cikinta ba.

Ga mai karatu kuma, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi in ban da ɗan data. A nemo wurin fitilun Radha, a kalle shi an kashe sauti, sannan a sake kallo da sauti. A karon farko za a ga mace tana rage fitila da wani mutum a zaune. A karo na biyu za a ga mutum biyu da suka gama fahimtar juna. Bayan haka a koma kan fim ɗin Hausa na wannan mako, a ƙirga minti nawa aka bar kunne ya huta.